Kada Ja Ya Sani

Shafi na 17

Tun kafin ku fara karantawa ina gaya muku, ranar nan ba ta ƙare yadda ta fara ba. Masu turo min saƙo kuna cewa in yi sauri in kawo ranar da Injiniya ta kare bincikenta, kuna jiran murna da hotuna, to ku ajiye murnar tukuna. Ni ma da sabuwar riga na fita.

Injiniya dai 'yata ce ta fari. Ni na sa mata sunan tun tana ƙarama, ranar da ta kwance min rediyo a shago ta kasa mayarwa. Yanzu digiri na biyu take yi a kan gina manhajar kwamfuta.

Da safen nan Maman yara ce ta goge min rigar da kanta, ta tsaya tana gyara min wuya.

"Ke da gaske ba za ki je ba?" na ce.

"In je, wa zai zauna da Tsoho?"

Tsoho mahaifina ne. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake ɗakin tsakiya, harshensa ya yi nauyi, duk gidan ba mai gane maganarsa sai ita.

"A kira ƙanina mana ya zauna."

"Yana aiki. Kai dai ka tafi, kai ne ubanta. Kuma don Allah kana shiga ka kashe waya. Na san halinka, yarinya na tsakiyar bayani za ka kira ni ka ce an juya Tsoho?"

"To an juya shin?"

Ta yi dariya. Amma ba ta saki wuyan rigar ba. Ta daɗe tana riƙe da shi tana kallona, har na ce ko datti ne.

"Babu komai. Ka yi kyau ne."

Na tafi ina jin daɗi, sakarai da ni.

Ɗakin da aka yi zaman ba babba ba ne. Dogon tebur a gaba, malamai a bayansa, farin allo a bango, mu 'yan kallo a kujerun baya irin masu naɗewa idan ka tashi. Na kashe waya kamar yadda aka umarce ni. Na'urar sanyaya ɗakin tana wani gurnani tana ɗigar ruwa a kan labule. Ni da gyaran firji da irinta nake ci, ina ji na san bututun ne ya toshe, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Da Turanci ake yi. Nawa Turancin na takardar cikin kwalin firji ne, amma ya ishe ni in bi, balle Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a mutum ne mai son maimaita magana da ƙarfi don a yi dariya.

Injiniya ta fara. Abin da ta faɗa na taɓa jin sa a shagona, ranar da ta zo ta ajiye waya a kan wani mataccen firji ta ce za ta ɗauki muryata.

Ta ce kafin a gina kowace manhaja sai an bi mutanen da za su yi amfani da ita an tambaye su me suke buƙata. Idan aka yi kuskure a nan, duk abin da aka gina a kai ya tashi a banza. Matsalar kuwa, mutane ba sa faɗin ainihin buƙatarsu a gaban juna. Shi ya sa ita take zama da kowa shi kaɗai, sannan ta gina masa ɗan wakili a cikin kwamfuta. Wakilin ya riƙe burin mai shi, ya je ya yi ciniki da sauran wakilai har su daidaita a kan tsari ɗaya.

Ranar a shago cewa na yi, "Ba sai kin wahala ba, ni zan gaya miki abin da kowa yake so a gidan nan."

Ta ce, "Baba, ai irin wannan maganar taka ce ta sa ake binciken."

To yau ga shi tana faɗa a gaban manya, muryarta ko rawa ba ta yi. Ta nuna misali da wani kanti, wakilin mai saye da na mai sayarwa da na mai kai kaya. Suka yi ciniki suka shirya. Na ji kamar in miƙe in ce 'yata ce.

Farfesa ya jingina da kujera.

"Wannan kantin naki ƙirƙirarsa kika yi ko?"

"Eh, Farfesa."

"Na gani ai. Wakilai duk masu ladabi, kamar yaran da aka ce musu baƙo zai zo. A babi na huɗu kin ce kin gwada da gida na gaske, masu jinyar wani dattijo. Shi nake son gani."

Ta ɗago ta kalli bayan ɗaki. Ni ta kalla. Na ɗaga mata babban yatsa.

"Farfesa, wancan akwai sirrin mutane a ciki."

"Ba kin cire sunaye ba?"

"Na cire."

"To mene ne? Kunna."

Ta kalli Malamarta, wadda ta duba mata aikin tun farko. Malamar ta gyaɗa kai. Na ga hannun Injiniya ya tsaya a kan kwamfuta kafin ta danna.

Da'ira huɗu suka fito a allo. Kore, shuɗi, ja, fari. Layuka sun haɗa su kamar wayoyin bayan firji.

"Kore shi ne majinyacin," ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Burinsa kada baƙo ya yi masa wanka. A sa masa rediyo ta kunnen hagu. A fito da shi bakin ƙofa da hantsi."

Kunnen dama na Tsoho ne ya mutu.

"Shuɗi yana zuwa ranar da ba aiki. Yana iya ɗaga majinyaci. Burinsa a daina kiransa da asuba a kan abin da zai iya jira."

Ƙanina ke nan. Kuma na san mai kiran.

"Ja fa?" in ji Farfesa. "Shi ya fi kowa layuka."

Ta kau da kai daga allon.

Shi ya karanta da kansa, da ƙarfi. "Komai ya bi ta hannuna. Ko magani za a canza, ko matashi za a gyara, a gaya min." Ya bushe da dariya. "Kowane gida da irinsa! Wannan idan ya yi atishawa sai an tsayar da girki. Ku duba, duk layi a kansa yake ƙarewa. Mutumin nan yana barci kuwa?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata ɗaliba a gefena har tana dukan cinya.

Maganata ce. Kalma da kalma, yadda na faɗe ta a kan mataccen firjin nan. Na ce a raina, ba komai, ba wanda ya san ni ne, a yi a gama.

"Sai Fari," in ji Farfesa. "Kai, wannan shi ke ɗauke da gidan. Abinci, magani, juyi, wanki, fassara maganar majinyaci. To mene ne wannan hoton kwaɗon kulle ƙofa a kan burinsa?"

"Shi ne zuciyar binciken, Farfesa. Wani yana da buƙatar da ba zai faɗa a taro ba. Sai wakilinsa ya kulle ta. Zai ƙi duk tsarin da ya saɓa mata, amma ba zai faɗi dalili ba."

"Madalla. Sake su su yi cinikin mu gani."

"Farfesa..."

"Sake su."

Ta danna.

Saƙonni suka fara gudu a kan layukan. Farfesa yana karantawa kamar mai sharhin ƙwallo.

"Ja ya ce a ci gaba yadda ake. Fari ya ce na ƙi. Ja ya ce to a rage wa Fari wanki. Fari ya ce na ƙi. Fari ya ce ba zan ƙara ɗaga majinyaci ba. Fari ya ce daga rana kaza a cire ni daga komai, makonni, ban san ranar dawowa ba."

Na daina jin gurnanin na'urar.

Ban san ranar dawowa ba. Maman yara? Matar da ko zazzaɓi take yi sai ta tashi ta dama wa Tsoho abin karyawa? Ina za ta?

"Tsaya, tsaya." Farfesa ya ɗaga biro. "Ga abin da nake nema. Shuɗi, da ba ya son a tashe shi da asuba, ya karɓi duk aikin Fari bai ce uffan ba. Me ya sa?"

"An ba shi mabuɗin kwaɗon."

"Wato ya san sirrin."

"Eh."

"Kore ma ya yarda a canza masa mai kula ba gardama."

"Shi ma an ba shi."

"Ja fa?"

Idonta yana kan tebur.

Ya miƙe da kansa ya je gaban allo, ya sa yatsa a kan wani ɗan rubutu a ƙarƙashin kwaɗon.

"Sharaɗi. Kada Ja ya sani." Ya juyo yana murmushi. "Wa ya sa wannan sharaɗin?"

"Fari."

"Shi kaɗai?"

"Sauran sun amince."

"Dalili?"

"Yana nan a rubuce, Farfesa."

"Ba zai iya ɗauka ba." Ya sake maimaitawa, a hankali wannan karon. "Ba zai iya ɗauka ba. Su uku duka, har da majinyacin! Mai kwance ya dubi mai tsaye ya ce ba zai iya ba!"

Aka sake dariya.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tsoho, wanda nake kwana ina kasa kunne ga numfashinsa ta bango. Ƙanina, wanda na goya. Matata. Sun zauna a cikin gidana sun yanke cewa ni ne ba za a gaya wa ba. Kuma 'yar da na haifa ta ɗauka ta zana ni da jan launi.

Ban gama haɗiye wannan ba Farfesa ya ce, "Mu ga tsarin da suka tsaya a kai."

"Lokaci ya ƙure, Farfesa," in ji Injiniya da sauri.

"Lokacin nawa ne. Nuna."

Tsarin ya fito. Ya bi shi da yatsa.

"Ranar farko. Shuɗi ya raka Fari. Maƙwabciya ta zauna da Kore. Ja kuma..." Ya matsa kusa. "Ja ya kasance yana da hidima duk yinin, nesa da gida, a wurin da ake kashe waya." Ya tafa hannu. "Kai! Manhajar nan ta fi ni wayo. Ina aka tura bawan Allah?"

Ni ba shi nake kallo ba. Kwanan watan da ke saman allon nake kallo.

Yau ce.

Hannuna ya kai aljihu, ya taɓa wayar da na kashe da kaina.

"Saura abu ɗaya," in ji Farfesa yana komawa kujerarsa. "Ina so in tabbatar kwaɗon nan yana riƙe da abu na gaske, ba ado ba ne. Buɗe burin Fari mu gani."

"Ba zan iya ba."

"Ba ki da mabuɗin?"

"Ina da shi."

"To?"

"Na yi alkawari."

"'Yata, ba sunan kowa a nan. Ba wanda ya san su."

Ta ɗago. Hawaye ya riga ya sauko mata har haɓa.

"Ja yana cikin ɗakin nan, Farfesa."

Ɗakin ya yi tsit. Ɗigar ruwan nan a kan labule kawai ake ji.

Kawuna suka fara juyowa baya. Ɗalibai ne duka, yara, sai ni kaɗai mai furfura da sabuwar riga. Ɗalibar da ke dukan cinya ta rufe baki da hannu biyu.

Farfesa ya cire tabarau.

"Innalillahi," ya ce. "Malam... wallahi ban sani ba."

Malamar ta miƙe. "A kashe allon. Za mu ɗan huta."

Na tashi. Kujerar ta naɗe ta buga, ƙarar kamar an harba wani abu. Ban san yadda na kai ƙofa ba.

A baranda ta same ni.

"Baba."

"Me ke damun mamanki?"

"Baba, ka zauna tukuna."

"Kada ki ce min in zauna! Me ke damunta?"

"Na yi mata alkawari."

"Ni na haife ki!"

"Ita ma ta haife ni, Baba."

Na kama ƙarfen barandar.

"Wato gayyatar nan da kika yi min, kika ce sai da ni za ki iya tsayawa a gabansu, duk kwamfuta ce ta tsara?"

"Wallahi ina son ka zo. Manhajar cewa kawai ta yi ka kasance inda ba waya. Mama ce ta ce a sa ranarta ta dace da tawa. Misalin kanti kawai na yi niyyar nunawa, ban taɓa zaton zai nemi wancan ba."

"Ko da ya nema, ai kin ɗauka tsohon mai gyaran firji ba zai gane ba."

Ba ta musa ba. Wannan ya fi min ciwo.

"Kin zo shagona, kin ce Baba me kake so. Na buɗe miki cikina. Ashe auna ni kike yi, a ga ta inda za a kewaye ni."

"Ba haka ba ne. Kowa na tambaya. Kowa ya faɗi nasa, na Kaka Mama ce ta fassara min. Ranar ce ma na fara jin na Mama, ni ma ban sani ba sai da na fara ɗaukar muryarta na ce me kike buƙata. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta."

Na saki ƙarfen barandar.

"Kuma kai ma ka ba ni naka, Baba. Jan ma yana da kwaɗo, Farfesa ne bai lura ba. Na gaya wa wani?"

Na manta. A ƙarshen hirar nan a shago, bayan na sa ta rufe ƙofa, na ce mata abu ɗaya nake roƙo, kada a bar ni ni kaɗai a ɗaki da Tsoho ranar da zai cika, don ba zan iya gani ba.

"Ko Mama ba ta sani ba," ta ce. "Yadda na riƙe naka haka nake riƙe nata."

"Nawa tsoro ne kawai. Nata fa? Nata rai ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ki dube ni. Rai ne?"

"Baba, ranar da Kaka ya faɗi, kai likita ya fara kwantarwa kafin shi. Jininka ya hau har ba ka gane mu. Mama ta yi jinyar mutum biyu a ɗaki ɗaya. Ta ce wannan karon ba za ta iya ba, tana so ta shiga da hankalinta a kwance, in ta fito ta gaya maka da bakinta."

"Ta shiga ina?"

Ta toshe bakinta.

Na ciro waya. Sai da na yi ta danna maɓallin kafin ta kawo haske. Na kira Maman yara. A kashe. Na sake kira. A kashe.

Na kira ƙanina. Ya ɗauka da fara'a, fara'ar da ta yi yawa.

"Yaya! An gama? 'Yarmu ta cinye?"

"Kana ina?"

"Wurin aiki mana, ina kuwa zan je?"

"Ka rantse."

"Haba Yaya, rantsuwa kuma a kan me? Ka ga, layin ba kyau, bari in..."

A bayansa na ji ƙarar taya, irin ƙananan tayoyin gadon da ake turawa a kan siminti mai santsi. Sai muryar wata mata, a gajiye, irin ta wadda ta saba faɗin maganar kullum.

"Ina ɗan'uwan mai gadon ƙarshe? A zo a karɓi zobenta da 'yan kunnenta, za mu shiga da ita."

"Kai!" na daka masa tsawa. "Wane asibiti ne? Ba ni ita! Ba ni ita na ce!"

Ya kashe.

Na sake kira. Ya kashe wayar gaba ɗaya.

Na juyo kan Injiniya. "Wane asibiti?"

"Ban sani ba."

"Kada ki yi min ƙarya yau."

"Wallahi tallahi, Baba, ban sani ba. Wannan Mama ta ɓoye min. Ta ce in ka tsare ni da ido zan faɗa. Baffa kawai ta gaya wa, sai Kaka, da ta je yi masa sallama."

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Malamar ta leƙo, ta dube ni ta dube ta.

"Suna jiranki. Idan ba za ki iya ba a ɗage, amma Farfesa gobe zai koma, ban san yaushe za a sake haɗa su ba."

Injiniya ta riƙe min hannun riga. "Zan bi ka."

"Ki bi ni ina? Kin san hanya ne?"

"Baba..."

"Shiga ki gama. Uwarki ba ta goge min riga don ki bar shi a rabi ba."

Na zare hannuna. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan ce ta buɗe kwaɗon, kuma za ta buɗe.

A bakin ƙofar jami'a na tare tasi. Na shiga na ja ƙofa.

"Ina muka nufa, Alhaji?" in ji direban.

Na zauna ina kallon ƙeyarsa. Asibitin garin nan ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

"Alhaji?"

"Gida," na ce, na gaya masa unguwa. "Ka yi sauri."

Mutum ɗaya ya rage min da ya san inda take kuma ba shi da wayar da zai kashe. Yana kwance a ɗakin tsakiya da rediyo a kunnen hagu. Kuma duk duniya mutum ɗaya ce take gane abin da yake faɗa, ita ce aka cire wa zobe.

Ban san ciwon da ke jikinta ba. Ban san asibitin da take ba. Ban san ko zan gane maganar Tsoho ba, ko ma zai yarda ya faɗa min.